Son da muke yi wa Chomsky da abin da malamina ya nuna man

Ranar da anka baza labari a watan Yuni na 2024 wai Noam Chomsky ya mutu, ina zaune majalisarmu ta bakin mai shayi nan Tudun Wada cikin Gusau, sai wani abokina ya miƙo man waya ya ce duba, mutuminka ya tahi. Duk inda na leƙa Facebook hoton tsohon ne da farin gemunshi, malaman makaranta, 'yan jarida, har da waɗanda na san ko layi guda na rubutunshi ba su taɓa karantawa ba, kowa na jimami. Daga baya matarshi ta hito ta ce ƙarya ce, shina asibiti can Brazil sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ya samu a 2023. Wallahi na ji sanyi, don ni kam ina son mutumin nan kuma har gobe ina sonshi.

To wa zai ƙi shi a wajenmu? Ba'amurke ne kuma Bayahude, an haife shi a 1928, a 1955 ya fara koyar da ilimin harshe a jami'ar MIT ta Amurka, da ya so da ya zauna cikin rufin asirinshi har ya mutu ba wanda zai ce mishi kanzil. Amma a 1967 ya hito ya ce yaƙin da ƙasarshi take yi a Biyetnam zalunci ne, har anka kama shi wajen zanga-zanga a gaban Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka. Da Amurka ta afka wa Iraƙi a 2003 da sunan makaman ƙare dangi waɗanda har yau ba a gani ba, shina cikin waɗanda sunka tsaya sunka ce a'a. A 2010 Isra'ila ta tare shi a kan iyaka ta hana shi zuwa jami'ar Birzeit ta Falasɗinawa yin lacca. Mu da munka tashi muna jin labarin Bagadaza da Gaza a rediyon baba bayan sallar asuba, in munka ji na cikin gida shina faɗin abin da ke cin ranmu ai dole mu rungume shi.

Da wagga soyayya na shiga karatun digiri na biyu, kuma da anka ce kowa ya kawo abin da zai yi bincike a kai ban ɓata lokaci ba, na ce matsalar 'yan bindiga a Zamfara da alaƙarta da rushewar Libiya. Amsar tana kaina tun kafin in fara. NATO ta kai hari a 2011, an kashe Gaddafi a watan Oktoba, rumbunan makamai sun buɗe, bindigogi sun gangaro ta Sahel sun iso dazukanmu, shi ke nan an gama. Na rubuta babi guda cur, kusan kowane shafi da sunan Chomsky, na kai wa malamin da ke duba aikina ina jin daɗi.

Bayan sati biyu ya kira ni ofis. Takarduna na kan tebur sun sha jan biro. Bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni: "Malam, ƙudurin da ya ba da izinin kai hari Libiya, su wa sunka ɗaga mishi hannu a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya?" Na ce ranka ya daɗe ai Amurka da Faransa da Ingila ne. Ya ce in je in duba in dawo. Da dare na zauna da waya na nemo, ƙuduri mai lamba 1973, ranar 17 ga Maris 2011, ƙasashe 10 sunka amince, 5 sunka ƙaurace, Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil. Cikin goman nan akwai Afirka ta Kudu da Gabon da Najeriya. Ƙasata da kanta ta ɗaga hannu, ni kuma na cika shafuka ban sani ba, don ban taɓa buɗe takardar ba, guntayen bidiyo kawai nike kallo ina haddace kalmomi.

Da na koma ya ce man abin da har yau bai bar kaina ba. Ya ce kai kana ganin ƙasar wa Chomsky yake suka? Tashi ce. Ita yake biya wa haraji, ita ce ke iya jin muryarshi, shi ya sa ya fi matsa mata a kan Rasha ko Sin. Ya ba ni misalin Timor ta Gabas da Indunusiya, ƙawar Amurka, ta mamaye a watan Disamba 1975, kwana guda bayan shugaban Amurka Ford da ministan harkokin wajenshi Kissinger sun ziyarci Jakarta, babban birnin Indunusiya. Shi da abokin aikinshi Edward Herman zama sunka yi da tarin tsofaffin jaridu suna gwada yawan abin da anka rubuta a kan kisan Timor da wanda anka rubuta a kan kisan da abokan gaban Amurka sunka yi a Kambodiya, don su nuna cewa in aboki ya yi kisa ana yin shiru. Aikin haƙuri ne, na mai tsince tsakuwa cikin shinkafa. Kuma ya ƙara man da cewa mutum tara yake bai cika goma ba, shi ma Chomsky an daɗe ana sukarshi kan shakkun da ya nuna a 1977 game da rahotannin farko na kisan Kambodiya. Sannan ya tuna man da masanin tarihi Dokta Yusufu Bala Usman na Zariya da ya rasu a 2005, wanda ya soki 'yan mulkin mallaka amma bai taɓa ɗaga wa manyan gida ƙafa ba.

Sai na aje littattafai na shiga neman mutane. Akwai wani dattijo da ya gudo daga wajen Ɗansadau, yanzu shina zaune da iyalinshi cikin wani kango da ba a ƙarasa ba a bayan gari, buhu ne ƙyauren ɗakin. Na tsuguna na gaishe shi, na ce baba, kuna ganin daga Libiya abin ga ya zo? Ya daɗe shina kallona sannan ya ce ɗana ni ban san Libiya ba. Ya ce abin da ya sani shi ne burtalin da shanu ke bi tun zamanin kakanshi an yanka shi gonaki an raba wa masu hali, mashaya an toshe, in shanu sunka yi ɓarna a kai ƙara a tatse Bafulatani har sai ya sayar da garke, in an sace wa manomi shanun huɗa shi ma ba mai bi mishi haƙƙi. Daga nan 'yan sa-kai sunka fara kama mutum a kasuwa su yanke mishi hukunci a tsaye, su kuma na daji sunka fara rama wa a kan ƙauye duka, mai laifi da marar laifi. Ya ce bindiga ta zo ta tarar da wuta ta riga ta kama. Wani makiyayi da na samu daga baya a kara, wanda shi ma an kwashe mishi shanu, kusan abin da ya gaya man ke nan ta ɓangarenshi.

Ban cire Libiya daga aikina ba, don makaman sun shigo da gaske kuma waɗanda sunka rusa ƙasar suna da alhaki a wuyansu. Amma yanzu ta zama sashe guda, kusa da ita akwai zinaren Anka da Bukkuyum inda gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a 2010, akwai harin 'Yar Galadima na 2014, akwai sulhun da anka yi ta ƙullawa ana kwancewa, akwai katse layukan waya da anka yi muna a watan Satumba 2021.

Abin da ya fi tsaya man a rai shi ne bambancin da na gani a shafina. In na rubuta wani abu a kan Amurka da Gaza, kafin dare an yaba an tura ko'ina, ana ce man ka faɗi gaskiya malam. Ranar da na rubuta ɗan gajeren abu a kan yadda anka raba burtali a wata ƙaramar hukuma, ban ma kama sunan kowa ba, mutum ƙalilan ne sunka taɓa shi, bayan isha'i kuma sai ga kiran kawuna, muryarshi ƙasa-ƙasa, ya ce ɗana ka goge abin ga, kana da iyali. Na san don ƙauna ya faɗa, kuma tsoron da yake ji ba na banza ba ne, ni ma na kwana ina juyi. Da safe na kira shi na ba shi haƙuri, na ce zan sassauta lafazi amma maganar za ta zauna. Sati mai zuwa in sha Allahu zan koma wani ofis karo na huɗu neman tsohuwar taswirar burtalin, wanda ke riƙe da makullin ɗakin ajiya ya ce in zo da sassafe kafin oga ya shigo.