Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a taron tunawa da Samanja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, taron addu'a da wasan daɓe da muka shirya don tunawa da marigayi ɗan wasan kwaikwayo Alhaji Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, ya gudana ranar Asabar, an taru lafiya an watse lafiya. A madadin yaran ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu nake wannan rubutu, domin akwai waɗanda suka ɗauki nauyin da ba nasu ba, kuma ba za mu iya bin kowa gida mu yi masa godiya ba.

Da iyayenmu tsofaffin sojoji zan fara. Mun je musu ne da maganar aron kaki, sai suka ce kada mu kuskura mu sa wa yaro kayan soja na gaske, a ɗinka mai kama da shi kawai, ba tambari ba igiya. Da ma a nan suka tsaya, da sun gama mana komai. Amma babbansu, wanda duk muke kira Baba, ya riƙa dogara sandarsa yana zuwa wurin gwaji da yamma. Ranar farko ya zauna yana kallon yaron da muka ba matsayin samanja yana ta ihu yana zare ido, can sai ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya tashi ya gyara wa yaron hula, ya tura masa kafaɗa baya, ya nuna masa yadda ake buga ƙafa sau ɗaya a ƙame. Sannan ya faɗa mana abin da ya juya wasan gaba ɗaya, cewa marigayi bai taɓa yi wa soja ba'a ba, don shi ma soja ne, tsawarsa tana da ƙa'ida, kuma wanda bai iya tsayuwar ba ba zai iya ba da dariyar ba. Baba, Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Yawancin yaranmu ba su san wannan bawan Allah ba sai a guntayen bidiyo na waya, shi ya sa muka ga dole a ba su tarihinsa kafin a buɗe labule. An haife shi a 1942 a Pategi, ƙasar Nupe da ke bakin kogin Neja a jihar Kwara ta yanzu, kuma ɗan gidan sarauta ne. Ya zo Kaduna yana matashi, ya yi aiki a gidan rediyo, ya shiga soja a shekarun 1960, bayan ya ajiye kaki kuma ya ci gaba da harkar wasa a Kaduna har tsufa. Banufe ne, amma da Hausa ya shiga gidajen Arewa, Hausar bariki gauraye da Turancin buroka, wadda ta sa har wanda Hausarsa ba ta nuna ba yake zama ya kalli shirin a talbijin ta NTA Kaduna. Ya riƙe matsayi ɗaya shekara da shekaru har sunan wasan ya danne na yanka. Allah Ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023.

Ni abin da nake so yara su gane shi ne zamanin da ya yi wannan aiki. Daga 1966 zuwa 1979 soja ke mulkin ƙasar nan, suka sake dawowa a ƙarshen 1983. Talaka in ya hango kaki canza hanya yake yi. A irin wannan lokaci ne mutum ɗaya ya shigo da soja tsakar gida, ya nuna shi a filin fareti, ya kuma nuna shi da iyali da maƙwabta, yana faɗa yana lallashi, yana kuskure ana gyara masa. Farar hula suka yi dariya, sojoji ma suka yi, ba wanda ya ji an ci masa fuska. Wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce, kuma a ganina har yau ba a ba shi haƙƙinsa a kanta ba.

Godiya ga malamanmu da suka jagoranci addu'a, suka haɗa da sauran magabata 'yan wasa irin su marigayi Kasimu Yero da ya riga shi rasuwa a 2017. Godiya ga shugaban makarantar da ya ba mu ɗakin taro bai karɓi ko sisi ba, da telan da ya kwana kan keke don kayan yara su fito a kan lokaci. Ana tsakiyar fitowa ta biyu aka ɗauke wuta, kafin mu gama salati wani maƙwabci ya turo janaretansa a baro, da mansa a ciki. Matasan da suka haska dandamali da fitilun waya har aka tayar da injin, mun gan ku. Iyayenmu mata kuwa, Hajiya da tawagarta, tun hantsi suke bakin murhu, ba baƙon da ya tafi bai ci ba. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Abin da aka tara a faranti a ƙarshen taro, kamar yadda muka sanar, za a kai wa wasu tsofaffin 'yan wasan rediyo da talbijin da ke raye, waɗanda tsufa da rashin lafiya suka zaunar a gida. Za mu karanta lissafin a zaman ƙungiya na gaba, kuma ƙofa a buɗe take ga mai son ƙarawa ko rakiya.

Roƙo ɗaya ya rage. Duk wanda ke da tsohon kaset na shirin Samanja a ajiye, ko da ya fara lalacewa, don Allah ya yi mana magana. Akwai mai iya juya shi zuwa kwamfuta, za a kwafa a mayar wa mai shi da kayansa.

Allah Ya jiƙan Samanja, Ya gafarta masa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.