Dala guda a kwano

Talata da dare, unguwar Boukoki, Yamai.

Dambu ya ƙare tun kafin azahar, har ƙanzon tukunya an saye. Da farin ciki na shigo gida. Albasar Galmi ma ta yi araha a kasuwar Katako, na ciko leda.

Bayan la'asar Auta ta dawo daga lakwal ta tarar ina ƙirga kuɗi a faifai. Ta ce, "Mama, nawa kike kashewa kullum?" Na ce Allah dai na rufa asiri. Ba ta bar ni ba, ta jawo kayenta na CM2, ajin ƙarshe na firamare, wai malaminsu ya koya musu kuɗin saye da kuɗin sayarwa. Ina faɗi tana rubutawa: tsaki tiya 2, jika 2. Zogale jika 1. Mai lita guda, jika 1 da dala 50. Albasa, tattasai, ƙuli-ƙuli da magi, jika 1. Itace dala 100, leda da ruwa dala 50. Jika 6 cif na kuɗin sefa, dala 1,200 ke nan.

"Kwano nawa ke fita?"

"Kamar 50."

Ta raba, ta ɗago kai a hankali. "Kowane kwano dala 24 yake cin miki, Mama. Ke kuma dala 25 kike sayarwa."

Dala guda. Tashin asuba, tsinkar zogale har yatsu su yi kore, hayaƙi a ido, duk a kan dala 50 a wuni. Kuma ba mu cire kwano 5 da ake ci a gida ba, da wanda nake aika wa Inna. In an cire su, uwar kuɗin nake ci ban sani ba. Shi ya sa tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka hau, kullum sai na ranto daga kuɗin adashi in cika cefane, ina cewa hannuna ne ba ya riƙo.

Ta tambaye ni ribar da nake so. Na ce jika 1 da rabi ta ishe ni. Ta ɗora a kan jika 6, ta raba gida 50, ta ja layi biyu ƙarƙashin dala 30.

Lissafinta daidai ne, na sake bi da yatsu. Abin da ya tsaya mini Baba mai gadi ne. Kullum da hantsi yana kwance bakin rawaninsa ya fiddo dala 25, ya ce, "Ɗiyata, a cika mini ludayin." Da wane baki zan ce masa ya ƙaro dala 5? Rage ludayi kuwa ban iya ba, kunya ba za ta bar ni ba.

Baban yara ya ce in ƙara kawai, kowa ya san halin kasuwa.

An ɗauke wuta. Zogalen gobe na nan cikin kwando ban tsinke ba, kayen Auta kuma a buɗe kan tabarma.