Tazarar yatsu biyu a Tintagel

Yaya ne ya matsa sai mun je. Ni teku ce ta kai ni Konwal, ba kangon tsohuwar fadar Tintagel ba, amma da ya ce, "Haba ƙanena, ka zo har ƙuryar Ingila ka koma ba ka taka garin Sarki Arthur ba?" sai na ja bakina na shiga mota. Arthur ɗin nan jarumin sarki ne a tatsuniyoyin Birtaniya.

Daga garin Tintagel gangara ce a ƙafa zuwa bakin Atlantika. Iska ce ta fara tarbar mu, irin wadda ke fizge magana daga bakin mutum. Kangon fadar kashi biyu ne: rabi a kan tudu, rabi a kan wani ƙaton dutse da ya kusa zama tsibiri. Siririn wuyan ƙasar da ya haɗa su ya zabtare ɗaruruwan shekaru da suka wuce, sai a 2019 aka buɗe gadar ƙafa a gurbinsa, sama da mita 50 daga ruwa.

Ashe gadar biyu ce. Kowace ta miƙo daga nata ɓangaren, suka tsaya ba su taɓa juna ba, an bar santimita 4 a tsakiya. Da na iso wurin na yi kuskuren leƙawa ƙasa. Ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Yatsu biyu ne fa kacal! Ina nan riƙe da ƙarfe wata tsohuwa mai sanda ta ce in ɗan matsa mata, ta tsallake ko kallon wurin ba ta yi ba. Yaya har da riƙe ciki.

Ganuwar ta ba ni kunya. Siririya ce, wani wurin ko ƙugu ba ta kai ba, kuma da gani ba don yaƙi aka yi ta ba. Wajen 1138 wani malami, Geoffrey na Monmouth, ya rubuta cewa a nan aka yi cikin Arthur: boka Merlin ya sauya wa Sarki Uther kama, ya shiga wurin matar wani a siffar mijinta. Labarin ya bazu. Kusan shekara 100 bayan nan, Richard, ƙanen Sarki Henry na III, ya mallaki wurin a 1233, ya zuba dukiya ya gina fada a kan dutsen da ba ya tsare komai, don dai a riƙa haɗa sunansa da na Arthur. Wato tatsuniyar ta girmi fadar. Neman suna ba yau aka fara ba.

Abin da ya riƙe ni yana can gaba, inda mutane ba sa tsayawa ɗaukar hoto: tushen ƙananan ɗakuna da ciyawa ta kusa rufewa. Tsakanin ƙarni na 5 da na 7 gari ne a nan, kuma masu tono sun sami fasassun tuluna na giya da man zaitun, da akusan da suka fito daga Girka, Turkiyya da Arewacin Afirka. Na zauna a kan ɗaya daga cikin tubalan ina kallon raƙuman ruwa, ina tunanin matuƙin da ya ɗauko kaya daga can ƙasar rana ya zo ya sauke a wannan bakin dutse. Shi ba wanda ya yi masa mutum-mutumi. Na tagulla da aka kafa a 2016, mai takobi, wanda ake dangantawa da Arthur, layi ake yi a gabansa. Mu ma mun bi layin, ba zan ɓoye ba.

Kogon Merlin yana ƙasa, ba a shigarsa sai ruwa ya janye. Mun ɓata lokaci a sama, kafin mu sauka teku ta dawo ta toshe bakinsa. Yaya ya ɗora laifin a kaina, wai minti goma na cinye a tsakiyar gada. Biyar ne.