Wa Ya Faɗa, Daga Wa Ya Ji? Abin da Rumbunan Bayanan Furotin Suka Koya Mini

A shekarar 2002 aka wallafa cikakken kundin halittar Plasmodium falciparum, ƙwayar da ke haddasa zazzaɓin cizon sauro mafi kisa. An samu ƙwayoyin gado kimanin 5,300 a kan kuromosom 14, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na furotin ɗin da suke samarwa babu wanda ya san aikinsu a lokacin. An rage wannan giɓi sosai, amma har gobe idan ka shiga PlasmoDB, rumbun da ke tara bayanan wannan ƙwaya a intanet, za ka yi ta cin karo da furotin da aka rubuta a gabansu cewa ba a san aikinsu ba.

Waɗannan ba su ne suka fi ba ni wahala ba a karatuna na digiri na biyu. Wanda aka ce ba a sani ba, ai an faɗa maka gaskiya. Inda ake zamewa shi ne furotin da ke da suna.

Yadda akasari ake raɗa sunan shi ne, kwamfuta ta ɗauki jerin amino asid na furotin, wato tubalan da aka gina shi da su, ta gwada shi da miliyoyin wasu ta hanyar manhajar BLAST, ko ta nemo sassan da aka sani a rumbun InterPro. In ta ga ya yi kama da wani furotin na yis ko na ɗan Adam, sai ta ba shi sunan wancan. Wani lokaci shi ma wancan ɗin kama ce ta ba shi nasa sunan. Haka suna zai yi ta yawo daga rumbu zuwa rumbu, ɗalibi ya kwafa a kundinsa, alhali babu wanda ya taɓa gwada abin a ɗakin gwaje-gwaje. Malamar da ta duba aikina tambaya ɗaya take maimaitawa duk sanda na kai mata sakamako: "To, wa ya gwada?" Sannu a hankali na gane irin aikin masu hadisi take so in yi, in bi isnadi: wane ne ya faɗa, daga wa ya ji, har a kai ga wanda ya gani da idonsa.

Rumbunan ba su ɓoye isnadin ba, mu ne ba ma dubawa. UniProt, babban rumbun bayanan furotin, kashi biyu ne. Swiss-Prot mutane ne suka zauna suka karanta bincike suka tantance, kuma abin da ke cikinsa bai kai miliyan ɗaya ba. TrEMBL kuwa miliyoyi ne barkatai da kwamfuta ta cike, kuma mafi yawan furotin ɗin ƙwayar maleriya a nan suke. Haka a gefen aikin da aka danganta wa furotin akwai haruffa uku: IDA na nufin an gwada kai tsaye, IEA na nufin hasashen kwamfuta ne. Tun da na san wannan, su nake fara karantawa kafin sunan.

Labarin Kelch13, wani furotin na ƙwayar maleriya, ne ya zaunar mini da darasin daram. Lambarsa a PlasmoDB ita ce PF3D7_1343700, yana kan kuromosom na 13. A 2014 masu bincike da ke aiki a Kambodiya suka nuna cewa sauye-sauye a jikinsa, musamman wanda ake kira C580Y, su ne alamar ƙwayar ta fara jure wa atemisinin, ginshiƙin maganin maleriya da ake ba mu a asibiti. Amma mene ne aikinsa? Siffarsa ta yi kama da KEAP1 na jikin ɗan Adam, wanda ke da hannu wajen kare ƙwayoyin jiki daga gubar iskar oksijin, don haka hankalin mutane da yawa ya karkata can. Sai a 2020 ƙungiyar Tobias Spielmann da ke Hambug a Jamus ta nuna cewa Kelch13 yana taimaka wa ƙwayar ne wajen haɗiye himoglobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin, daga jan ƙwayar jinin da ta shiga. Shi kuwa atemisinin ba ya tashi aiki sai ya haɗu da sinadarin ƙarfen da ke fita idan an narkar da himoglobin. Ƙwayar da Kelch13 ɗinta ya yi rauni tana rage ci tun tana ƙarama, maganin ya rasa abin da zai tayar da shi, ita kuma ta tsallake. Kamar da aka gani gaskiya ce, sai dai ba ta isa ta faɗi aikin ba. Sai da aka manna wa furotin ɗin alama mai haske aka bi shi a cikin ƙwaya mai rai.

AlphaFold, tsarin kwamfuta mai hasashen siffar furotin, wanda aka buɗe rumbunsa a 2021, shi ma da irin wannan ido nake kallonsa. Hotonsa na ɗaukar hankali, furotin a nannaɗe kana juya shi da yatsa. Amma launin ne magana: shuɗi mai duhu yana nufin an amince da hasashen, ruwan lemo yana nufin kada ka dogara da shi. Furotin ɗin falciparum kuwa cike suke da dogayen wurare inda amino asid ɗaya, asparajin, wanda ake rubutawa da harafin N, ke maimaita kansa, ka ga NNNNNNNN jere a allo. A hoton, irin waɗannan wurare sukan fito kamar zare mai ruwan lemo yana lilo a gefe.

Kada a ɗauka raina rumbunan nake yi. Ɗalibin da ɗakin gwajinsu ba shi da na'urar miliyoyin naira, da waya da data zai ga a wane mataki na zagayen sa'a 48 da ƙwayar ke yi cikin jini ake samar da furotin, ko a jikin sauro ne kawai, kuma ko ƙwayar na iya rayuwa ba tare da shi ba, albarkacin wani babban gwaji na 2018 da aka lalata ƙwayoyin gadon kusan gaba ɗaya don a ga waɗanda ba a iya rasawa. In ka haɗa hujjoji uku ko huɗu irin waɗannan suka nuna waje guda, ka samu tambayar da ta cancanci a kashe mata kuɗin gwaji.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin Najeriya ce ke ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da maleriya a duniya. A 2020 an ba da rahoton sauyin R561H na Kelch13 a Ruwanda, an kuma ga wasu a Yuganda, kuma a nan Afirka suka ɓullo, ba shigo da su aka yi daga Asiya ba. Duk wanda ya karanta jerin Kelch13 daga jinin marasa lafiya a Kano ko Maraɗi zai iya ganin sauyi, domin an rubuta fiye da 200. Kafin ya ɗaga murya, ya duba jerin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar. A578S, alal misali, ana yawan samunsa a Afirka, an gwada shi, kuma ba a ga yana sa ƙwayar jure wa magani ba.