Tsohon makankarin katako da aikin da ke jiransa

Na daɗe ina tara tsofaffin makankaran katako na hannu, irin na ƙarfe da kafintoci ke turawa a kan allo don su daidaita shi su kuma sulɓe fuskarsa, kuma abin da na fahimta shi ne masu tara su sun kasu gida biyu: wasu na neman su don ajiya da kallo, wasu kuma don aiki. Ni ina cikin na biyu, ko da yake ban raina na farko ba, domin da yawa daga cikin waɗannan kayan da sun daɗe da ruɓewa in ba don su ba.

Mafi yawan waɗanda ake samu a yau suna bin fasalin da Leonard Bailey ya ƙirƙiro a Amurka, wanda kamfanin Stanley na garin New Britain a jihar Konetikat ya sayi haƙƙinsa a 1869. Daga nan ne lambobin da ke nuna girman makankari, na 1 zuwa 8, suka samo asali, har kamfanin Record na Shefild a Ingila ya bi sahu da ya fara ƙera nasa a 1931. Lamba 4 mai tsawon inci 9 shi ne na sulɓe fuska, lamba 5 mai inci 14 shi ne na rage kaurin katako, lamba 7 mai inci 22 kuwa tsawonsa ne ke hana shi faɗawa cikin kwarin allo, shi ya sa yake miƙe gefe. Lamba 1 ƙarami ne ƙwarai, masu tarawa na rububinsa saboda ƙarancinsa, amma a wurin aiki ba na jin rashinsa.

Idan na ɗauki tsohon makankari, tsatsa ba ta tsorata ni. Abin da nake fara dubawa shi ne tsaga, musamman a gefen bakin da wuƙa ke leƙowa, domin jikin ƙarfen zubi ne, faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta fasa shi, kuma walda takan murɗe shi. Sai bayan wuƙar: in tsatsa ta ci ramuka kusa da kaifi, duk wasawar da za a yi gibi zai riƙa fitowa, sai dai a sauya ta. Mariƙin katako da ya karye ana liƙa shi, ba abin damuwa ba ne.

A wajen gyara ne na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Na jiƙa wani lamba 5 a ruwan kal na bar shi kwanaki, da na ciro shi sai na tarar tsamin ya cinye tsatsa ya kuma shiga ƙarfen, fuskar ta zama toka-toka mai kaushi, hatimin maƙera da ke kan wuƙar ya dusashe. Tun daga ranar nake wadatuwa da samfefa mai laushi da ɗan mai, ina cire jar tsatsa ina barin duhun da shekaru suka sa masa. Baƙin fentin cikinsa ma ba na kankare shi sai in ya riga ya zube.

Daidaita tafinsa, wato ƙasansa da ke zamewa a kan allo, aiki ne na haƙuri. Ana manna samfefa a kan gilashi mai kauri, a haɗa makankarin yadda yake a lokacin aiki, a ja wuƙar ciki, domin matsin murfin da ke danne wuƙar yana ɗan lanƙwasa jikin. Ba dole ba ne duk tafin ya yi ƙyalli. In goshi da gaban baki da diddige sun zauna a layi ɗaya, ya wadatar. Wuƙar tana kwance a digiri 45, ana gyara bakinta a 25 sannan a wasa ƙarshen a 30. Ƙarfen da ke manne a bayanta, wanda mutane da yawa ke sakaci da shi, shi ne ke karya sassaƙe kafin ya yage jijiyar katako, don haka sai ya zauna daram babu ko kafar haske, kusa da kaifi sosai.

Daga nan sai gwaji. Nakan shafa ɗan kakin zuma a tafin, in bi jijiyar allon, in juya ƙaramar tagullar da ke sauko da wuƙa a hankali har sassaƙen farko ya fito. Idan ya fito siriri, faɗinsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, ya naɗe kamar takarda, fuskar katakon kuma ta yi sheƙin da samfefa ba ta bayarwa, to wannan makankarin ba zai koma kan kantar ajiya ba, wurinsa yana kan bencin aiki tare da 'yan uwansa.