Fim ɗin da ya faɗi a sinima, ya tashi a falo

Lokacin da na fara aikin sharhin fina-finai, ma'aunina ɗaya ne: nawa fim ya tara a makonsa na farko? In ya tara, gwani ne. In bai tara ba, na shafa masa fatiha. Wata rana editana, wani dattijo da ba ya son dogon turanci, ya miƙo min faifan Office Space, fim ɗin barkwanci kan ma'aikatan ofis, ya ce in kalla in rubuta. Sai da na fara duba alƙaluma. Mike Judge ne ya shirya shi a 1999, an kashe masa kusan dala miliyan 10, kuma da ƙyar ya maido da uwar kuɗin a sinimomin Amurka. Na kalle shi sama-sama, na rubuta cewa barkwancinsa ba gishiri. Dattijon ya karanta, ya turo min takardar, ya ce, "Ɗana, jefa wannan a durowa. Ka sake kallonsa in ka shekara biyu a ofis."

Ban ma kai shekara biyun ba. Ranar da firinta ta tauna min takarda sau huɗu, kuma manya uku suka zo ɗaya bayan ɗaya suna tuna min kuskure guda, da na koma gida na sa faifan. Da aka zo wurin da ma'aikata uku suka fitar da firintar ofis fili suka yi mata dukan kawo wuƙa, na yi dariya har da hawaye. Fim ɗin yana nan yadda yake, ni ne a kallon farko ban san ciwon da yake sosawa ba.

Daga nan na fara bin diddigin irin waɗannan fina-finai, sai na gane cewa kuɗin makon farko awon talla ne, tunda masu sayen tikiti ba su ga fim ɗin ba tukuna. Fostar Office Space hoton mutum ne da aka lulluɓe da ƴan takardun manne, ba ka ko ganin fuskarsa. Wa zai bar gidansa don wannan? Abin da ya cece shi kaset ne da DVD, da tashar Comedy Central da ta yi ta maimaita shi, da ma'aikata masu ba wa juna aro a ofis. Har ta kai jar sitefilar nan da wani ma'aikaci a fim ɗin yake riƙewa kamar ransa, mutane suka yi ta nemanta a kasuwa, sai a 2002 kamfanin Swingline ya fara ƙera ta.

Fim ɗin The Big Lebowski na ƴan'uwan nan Coen, masu shirya fina-finai, ma haka. A 1998 masu sharhi da yawa sun taɓe baki, ga shi ya biyo bayan fim ɗinsu Fargo, ana jiran wani abu dabam. Labarinsa a hargitse yake, kallon farko kana ta neman bakin zaren. A na biyu ka daina nema, sai kunnenka ya koma kan maganganun, kuma can dariyar take. A 2002 masoyansa na gani-kashe-ni suka fara taro a birnin Louisville na Amurka, suna zuwa da rigar wanka irin ta jarumin, ɗaya ya ɗauko magana wani ya ƙarasa. A 2014 aka sa shi cikin kundin adana fina-finai na ƙasar Amurka.

Kada a ɗauka kowane fim da ya faɗi zinariya ce a ƙasa. Yawancinsu sun cancanci faɗuwar. Ni dai yanzu ba na sharhin fim ɗin barkwanci sai na kalle shi sau biyu, na biyun tare da wani, ina kuma kasa kunne in ji ko washegari zai maimaita min wata magana daga ciki ba tare da na tambaye shi ba. Tsohon sharhin nan yana durowa har yau. Da dattijon zai yi ritaya na nuna masa, ya ce in ba shi ya sa a firam.