Talata, ramin gidan Kawu a Aboabo

Ruwan daren jiya bai tsaya ba sai gab da asuba. Gari ya waye da sanyi mai daɗi, koko da ƙosan Hajiya ma yau ya yi zafi yadda nake so, kuma na samu trotro ba tare da dogon jira ba. Da farin cikina na biya ta Aboabo don in gaishe da Kawu in duba aikin bututun da zai kai ruwan bayi zuwa sabuwar sokawe, wato ramin da ke shanye ruwan ƙazanta.

Farin cikin nan a bakin lungu ya tsaya. Zurfin ramin bututun ya kai mita 2 a ɓangaren sokawe, faɗinsa bai wuce santimita 70 ba, bangonsa a miƙe sak, babu katako ko ɗaya da ya tokare shi. Yara biyu suna ciki, kan shebur kawai ake gani yana watso ƙasa. Ƙasar da suka fitar tana jibge a leɓen ramin, jiƙe sharkaf. Babu tsani. Na ce su fito tukuna, sai da aka miƙa musu hannu.

Kawu ya fito da carbinsa. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, a yi haƙuri, kada kowa ya sake shiga ramin nan sai an tokare shi." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, jar ƙasar Kumasi ce fa. Tun jiya take tsaye, ruwa ya yi mata duka kwana guda ba ta motsa ba. Ka san kuɗin katako yanzu?"

Maganar nan ce ta hana ni sakat yini guda, domin kusan kowa haka yake tunani, kuma rabinta gaskiya ce. Jar ƙasarmu mai yumɓu tana iya tsayawa a miƙe idan ba a taɓa haƙa ta ba kuma a bushe take. Amma ta lungun Zongo ba ita ba ce. An haƙa an binne, an zuba shara an cike, tsohuwar kwata ta bi ta nan, bututun ruwa ya bi ta can. Ƙasar da aka taɓa motsawa ba ta komawa ƙarfinta na da. Ruwan da Kawu yake kafa hujja da shi kuwa shi ne abin tsoron: yana ƙara wa ƙasa nauyi, yana shiga tsagogi yana sassauta ta, sannan rana ta fito sama ya bushe ya dare. Bango yakan tsaya yini ɗaya ko biyu, sai ya zube cikin daƙiƙa, kafin mutum ya ajiye shebur.

Na ja shi muka tsaya daga nesa kaɗan na nuna masa. Akwai siririyar tsaga a ƙasa da ta bi tsawon ramin, kamar mita 1 daga baki. Irin wannan tsagar takan fito a tazarar rabin zurfin rami ko fiye kaɗan, kuma ma'anarta wannan yankin ya fara rabuwa da sauran ƙasa. Can gindin bango kuma ruwa yana tsattsafowa, ɓarɓashi yana zuba. Na ɗebo curin ƙasa na danna babban yatsa, ya nutse gaba ɗaya ba wahala. Ƙasa mai ƙarfi da ƙyar farce yake yi mata shaida.

Na ce, "Kawu, ƙasa mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 zurfi ta kai tan ɗaya da rabi, jiƙaƙƙiya ta fi haka. Buhun siminti 30 ke nan a kan yaro ɗaya." Ba sai ta rufe kansa ba. In ta kai ƙirji, duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matsewa, ba zai iya jawo wani ba. Nan ya daina jan carbin.

Hanya biyu ce ga mai ƙaramin aiki. Ta farko a kwantar da bangon. A ƙasa matsakaiciya, kowace mita 1 ta zurfi a ja baya mita 1. A mai yashi ko wadda ruwa ke fitowa daga cikinta, mita ɗaya da rabi. Ramin Kawu zai buƙaci mita 3 kowane gefe, bakinsa ya kusa mita 7, alhali lungun duka bai fi mita 3 ba. Wannan ta fita. Saura tokarewa: alluna masu kaurin inci 2 a tsaye manne da juna, a gicciye su da dogayen katakai masu kauri a kwance, sannan a sa 'yan tokare tsakanin bango da bango a buga musu weji su ɗame. Ba katako mai inci 2 bisa 4 na rufin kwano ba, ba kuma ragowar katakon zubin kankare mai laushi ba. A ƙasa irin wannan ko 4 bisa 6 ya yi ƙanƙanta a tokare. Daga sama ake fara kafawa ana sauka, mai kafawa kullum yana inda aka riga aka kare. Ranar cirewa daga ƙasa ake farawa, ana cikewa ana dannawa ana hawa. Mutane da yawa a wajen cirewa suke sakaci, don suna ganin aiki ya ƙare.

Ƙa'idar da masu aikin gini a Amurka suke bi ta ce daga ƙafa 5, wato mita ɗaya da rabi, dole a kare rami. Daga ƙafa 4 dole tsani, kuma kada ma'aikaci ya yi tafiyar da ta wuce mita bakwai da rabi kafin ya kai gare shi. Kan tsanin ya ɗara baki da mita 1. Ƙasar da aka fitar a ja ta baya aƙalla santimita 60, ni na fi son mita guda. In zurfi ya haura mita 6 sai injiniya ya zana kariyar. A ganina ko bai kai ƙafa 5 ba, mai ɗaura bututu a durƙushe yake aiki, ramin da ya tsaya masa a ƙugu ya isa ya rufe shi.

Abin da ya fi damuna ma bangon maƙwabta ne. Ramin ya wuce gindin harsashin ginin, kuma tazararsu ba ta kai zurfin ba. In ƙasar da ke tallafe da harsashi ta gangaro, bulo ne zai biyo ta. Wannan ɓangaren na ce sai an kawo injiniya ya gani da idonsa.

Kawu ya ce, "To wayar wuta fa? Yaran sun ce sun ga wani jan leda." Wannan ledar gargaɗi ce, ƙarƙashinta akwai yashi ko bulo sannan waya. A ajiye diga, a bi da shebur a hankali daga gefe, kuma a je ofishin ECG, kamfanin wutar lantarki, da na Ghana Water, kamfanin ruwa, a tambayi inda layukansu suka bi kafin a ci gaba. Injin jan ruwa da janareta su zauna nesa da baki, hayaƙinsu yana sauka rami ba a gani. Kusa da tsohuwar shadda kuma akwai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake yi.

Na tara yaran na faɗa musu wanda ba na son faɗa. In ramin ya rufta da wani, kada kowa ya yi tsalle ciki, rufta ta biyu takan biyo ta farko. A kira 112 ko 'yan kwana-kwana a 192, a kashe duk injin da ke girgiza ƙasa, a kori jama'a daga baki, kada a sa katafila, kada a ɗaura masa igiya a ja. In an fito da shi yana cewa lafiyarsa lau, a wuce da shi asibitin Komfo Anokye, domin naman jikin da aka danne yana iya taɓa ƙoda daga baya. Na kuma gaya musu dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ma'aikaci damar janyewa daga aikin da yake ganin zai halaka shi. Ƙaraminsu ya sunkuyar da kai. Na san kuɗin yini yake lissafawa, kuma wannan ya tsaya mini a rai.

Kawu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce dai yau a tashi, shi zai biya su. Muka kewaye wurin da tsofaffin kwanon rufi saboda 'yan makarantar allo da ke bi ta lungun da magariba.

Cunkoso a Kejetia. Azahar a makare. Waakye ya ƙare kafin in isa.

Bayan isha'i ya kira, muryarsa a sanyaye, ya ce in raka shi Sokoban da safe mu ji farashin katako, in kuma nemo masa lambar injiniyan. Hadari ya sake haɗowa, don haka kafin mu tafi sai na leƙa na auna ko tsagar ta ƙara buɗewa.